Shayin Rage Ƙiba a Shafin Masu Kiwon Raguna

Duk wanda ya san Kara, can cikin ƙasar Gwarzo, ya san Musbahu Mai Feshi. Dogo ne siriri, har in ya goya tankin feshinsa ya nufi gonakin wake, daga nesa sai ka rantse tankin ne ke tafiya shi kaɗai a kan sanda. Sana'arsa kashe ƙwarin gona, amma in ka zauna da shi a teburin mai shayi za ka ji cewa wannan taimakon talakawa ne kawai yake yi, shi asalinsa injiniya ne. Hujjarsa ita ce ya taɓa yin rani guda a kasuwar waya ta Kano. Waɗanda suka gan shi a can sun ce gadin babura yake yi a bakin ƙofa. Shi kuma ya ce ai daga bakin ƙofar ake ganin kowace matsala tana shiga.

Ƙungiyar Masu Kiwon Raguna ta Kara tana da shafi a intanet. Abdulnasir, ɗan shugaban ƙungiyar Alhaji Mahbub, shi ya gina shi, ya jera hotunan raguna da lambar waya, kuma ta nan dillalan Legas da na Fatakwal ke ganin kaya su turo motoci kafin Babbar Sallah. Da Abdulnasir zai tafi bautar ƙasa wani ƙauye a Kudu, inda sai an hau kwalekwale ake samun sabis, sai ya bar kalmar sirrin shafin a hannun kakakin ƙungiya don ya riƙa saka sababbin hotuna. Kakakin nan kuwa Musbahu ne, domin ranar zaɓe shi ya fi kowa murya.

Ana saura 'yan makonni Sallah, Alhaji Mudassir, wani babban dillali ɗan Kabo da ke zaune a Legas, ya kira Alhaji Mahbub. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da damina da kasuwa, sai ya ce, "Alhaji, lafiyar ragunanku kuwa?"

"Lafiya ƙalau. Ƙiba suke kamar za su fashe."

"To me ya sa in na buga sunan ƙungiyarku a wurin bincike yake fito mini da tallan shayi? Ga shi nan a gabana: Ragunan Kara, rage tumbi cikin mako guda. A ƙasa kuma an rubuta wai shafin zai iya cutar da wayata. Masu saye a nan sun fara tambayata ko shayin kuke ba dabbobin. Ni fa ba zan turo tirela in ɗauko ƙasusuwa ba."

A ranar Alhaji Mahbub ya tara 'yan ƙungiya a zaurensa. Kowa ya zo da fargaba, domin mafi yawansu sun sayar da hatsinsu sun zuba a dusa da harawa, suna jiran Sallah. Inna Marka ta zo, tsohuwar da ta fi kowa iya kiwo kuma ta fi kowa kaifin baki. Malam Gilbert ma ya zo, malamin kwamfuta a wata sakandare ta Gwarzo, mutumin Filato da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, shi ma yana da 'yan ragunansa a ƙungiyar.

Malam Gilbert ya duba shafin a wayarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarayin intanet ne suka shiga suka dasa tallansu. Ko sun gano kalmar sirri, ko an saka wani abu da ke ɗauke da cuta. Akwai wanda ya ƙara wani abu a shafin kwanan nan? Na ga waɗansu taurari suna walƙiya a gefe, da babu su."

"Kwalliya ce," in ji Musbahu. "Kyauta na samo su. Sun yi kyau, ko?"

"A ina ka samo su?"

"Malam, mu bar zancen taurari, mu yi zancen cuta."

Malam Gilbert ya juya wajen shugaba. "Abin yi kaɗan ne. A rufe shafin na ɗan lokaci. A canja kalmar sirri. Kamfanin da ke ajiye mana shafin yana da tsohon kwafi mai tsabta, a mayar da shi. Sannan a rubuta wa masu wurin binciken a ce an gyara, su sake dubawa su cire gargaɗin. Zai ɗauki 'yan kwanaki."

Musbahu ya miƙe tsaye har kansa ya kusa taɓa azara. "Jama'a, kun ji? A rufe shago ana gobe kasuwa! A rubuta wa Turawa a zauna jira! Malam, ba raini ba, kai koyar da kwamfuta kake yi a allo da alli. Ni kuwa kashe ƙwari nake yi da hannuna. Bairos ɗin nan, cutar da ta kama shafin, ƙwaro ne. Ka taɓa kashe ƙwaro?"

"Sauro," in ji Malam Gilbert.

"To ni tsutsar wake. Ranka ya daɗe, a bar mini aikin nan. Kafin ka juya na gama da shi, kuma ko minti ɗaya ba za a rufe shafi ba."

Inna Marka ta ce, "Bara ma haka ka ce da gonar albasata. Ƙwarin suna nan, albasar ce ta tafi."

"Inna, albasarki ce ba ta da juriya."

Alhaji Mahbub mutum ne mai tsoron kalmar rufewa. Ya dubi Malam Gilbert, ya dubi Musbahu, ya ce a gwada na Musbahun tukuna.

Musbahu ya koma gida ya zauna a gindin darbejiya ya yi nazari irin nasa. In gona ta kamu, ai daga gonakin maƙwabta cutar take zuwa. Ke nan shafin daga wayoyin 'yan ƙungiya ya ɗauka. Ya buɗe wurin bincike ya rubuta cewa yana neman maganin bairos mafi ƙarfi a duniya, na kyauta. Abin da ya fito a can sama, wanda aka rubuta wa talla da ƙananan baƙaƙe a gefe, shi ya danna. Nan take allon wayarsa ya hau ƙyafta ja da rawaya, wayar ta hau rawa a hannunsa, aka rubuto masa cewa ƙwayoyin cuta sun cika ta maƙil, in bai sauke magani yanzu-yanzu ba za ta mutu.

"Ka ji ƙwararru," in ji Musbahu. "Tun daga nesa sun gano."

Ya sauke manhajar, mai hoton zaki riƙe da garkuwa. Wayar da kanta ta yi masa gargaɗi cewa ba ta san asalin wannan abu ba, ya ce da ita ai mara lafiya ba ya zaɓen magani. Manhajar ta nemi izinin ganin lambobin mutanensa, ya ba ta. Ta nemi na karanta saƙonni da aikawa, ya ba ta. Ta nemi na hotuna, ya ba ta. Matarsa Ikilima, da ke tankaɗe a gefe, ta ce, "Maigida, wannan abin ba ya jin kunyar tambaya?"

"Likita ne. Likita ko riga ya ce ka cire sai ka cire."

Washegari ya sa aka yi shela: ranar riga-kafin wayoyi, kyauta ga 'yan ƙungiya da iyalansu. Ya kafa tebur a bakin kasuwa, ya aro farar riga mai dogon hannu a wurin mai kemis, ya ajiye gwangwanin shuɗin fentin da ake yi wa raguna alama. Mutane suka yi layi. Duk wayar da ta zo, sai ya tura mata manhajar zakin daga tasa, ya danna amincewa da duk abin da ta tambaya, ya ɗiga mata fenti a baya, ya ce, "Ta samu. Na gaba!"

Inna Marka ta miƙo 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda aka ɗaure da roba. Musbahu ya juya ta, ya rasa ta inda zaki zai shiga, sai ya ɗiga mata fenti kawai.

"Shi ke nan?" in ji ta.

"Irin taki ta baki ake ba ta. Ta samu."

"Fenti ka shafa mata, Musbahu, ina kallo."

"Inna, maganin yana cikin fentin. Na gaba!"

Malam Gilbert ya zo wucewa a babur ya ga layi, ya tsaya. Da ya ga abin da ake turawa, ya dafe kai. "Musbahu, wannan ba magani ba ne. Ita ce cutar da kanta, ta sa rigar likita kamar yadda ka sa. Jama'a, duk abin da ya yi muku ihu a allo ya ce wayarku za ta mutu, ƙarya yake. Kada ku sauke komai daga inda ba ku sani ba."

"Kawo taka, Malam, kada a ce na yi wariya."

"Na gode. Tawa ta ƙoshi."

"To in ta kwanta kada ka zo mini gida." Musbahu ya juya ga jama'a. "Kun san 'yan boko da ƙin riga-kafi in ba su suka kawo shi ba."

Aka yi dariya, layi ya ci gaba. Ai abin kyauta ne.

Kafin la'asar wayoyin Kara suka ɗau zafi kamar an ciro su daga murhu. Caji ya riƙa zubewa ana kallo. Mutum zai kira ɗansa, sai tallan shayi ya rufe masa allo. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tayar da gari shi ne saƙon da kowace waya mai ɗigon shuɗi ta aika wa duk lambar da ke cikinta: Na lura ka yi ƙiba da yawa. Danna nan ka gwada wannan shayi, ni ya taimake ni.

Alhaji Mahbub yana zaure, sai ga matarsa Hajiya Naja'atu ta leƙo, waya a hannu.

"Alhaji, duk shekarun nan da muka yi tare, sai yau ka lura?"

"Na lura da me?"

"Kuma kana zaure ina tsakar gida, amma ba za ka iya faɗa mini baki da baki ba, sai ka rubuto? Kuma kai ya taimake ka? Ina ya taimake ka? Jiya ba da ƙyar ka fita daga motar haya ba?"

Bai gama rantse-rantse ba surukinsa ya kira daga Unguwar Tudu, dattijon da ko tsayuwa sai da sanda, yana tambaya ko wani laifi ya yi. Bayan sallar la'asar kuma liman, wanda Allah ya yi wa jiki, ya riƙe hannun Alhaji a ƙofar masallaci ya ce a hankali, "Saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri. Amma irin wannan nasiha, Alhaji, ana fara ta da sallama."

Wani ɗan ƙungiya saƙonsa ya je wa budurwarsa, ta dawo masa da kayan toshi. Na wani kuma ya je wa maigidansa na Kano. Jama'a suka yi dafifi a ƙofar gidan Musbahu, kowa na ɗaga waya.

Musbahu ya fito yana murmushi. "Alhamdu lillahi! Magani ya kama. Wa aka taɓa yi wa allura bai yi zazzaɓi ba? Zafin nan faɗa ake yi a ciki, zaki da bairos."

"To saƙon fa?"

"Amai ne. Wayar ce ke fitar da dattin. Ku je ku sa su a gindin randa su huce."

A yammacin nan duk gidan da ka shiga sai ka ga wayoyi jere a kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa, suna ta ƙara ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan tsaki. Inna Marka kaɗai ke yawo da tata a hannu tana amsa kira.

"Kun gani?" in ji Musbahu. "Wadda aka ba magani ta baki har ta warke."

Da ya gama da maƙwabta, sai ya juya kan gonar kanta. Ya shiga cikin shafin da kalmar sirri, ya ga sunayen abubuwa birjik da Turanci. Dokarsa ɗaya ce: duk sunan da bai gane ba, ƙwaro ne. Ya yi ta gogewa. Ya goge wannan, ya goge wancan, har yatsansa ya gaji. Taurarinsa ne kawai bai taɓa ba, don su ya san su. Da ya buɗe shafin ya duba, babu rago ko ɗaya, babu lambar wayar shugaba, babu sunan ƙungiya. Tallan shayi kuwa yana nan daram, har ya samu fili ya baje.

Musbahu bai karaya ba. Ya ce abin da ya rage shi ne a kwantar wa masu saye da hankali. Ya sa farar rigar nan, ya tsaya a jikin bango ya harɗe hannuwa, Ikilima ta ɗauke shi hoto. Ya ɗora hoton a tsakiyar shafin, ya rubuta a ƙasa cewa Injiniya Musbahu na Kara ya tabbatar da wannan. Abin da bai lura ba, a 'yar wayarsa mai fasasshen gilashi, shi ne inda hoton ya sauka. A hagu akwai hoton da masu tallan suka saka, wani ƙaton mutum mai tumbi kamar buhun gero, an rubuta Kafin a kansa. A dama, daidai inda aka rubuta Bayan, nan Musbahu ya tsaya, wuya kamar na zalɓe, hannuwa a harɗe.

Ba a jima ba baƙi suka fara sallama a gidansa. Wata Hajiya ta zo daga cikin Gwarzo a mota, wani mai sayar da taya ya zo daga Gammo a babur ɗin da ke nishi a ƙarƙashinsa. Duk shayi suke nema.

Ikilima ta yi bayani har ta gaji. "Hajiya, wallahi ba mu da shayi."

"Haba 'yar nan, kada ki yi mana rowa. Mun ga yadda yake da, mun ga yadda ya koma."

"Wancan ba shi ba ne. Wannan kuma ba shayi ba ne, haka na auro shi. Tuwo nake ba shi malmala uku, ban san inda yake zuwa ba."

Mai taya ya leƙa ya hango Musbahu yana wucewa ta tsakar gida, ya girgiza kai. "Kai, amma dai ya zarce ƙa'ida. Ni rabin abin da ya sha nake so."

Labari ya kai Legas. Alhaji Mudassir ya aiko cewa zai zo da kansa ya gani, in bai gamsu ba zai wuce wata kasuwar. Malam Gilbert ya sake samun shugaba ya roƙe shi a bar shi ya gyara. Amma Musbahu ya riga shi. Ya ce aiki ya kai ƙarshe, abin da ake gani yanzu ɓurɓushi ne, kuma ranar da baƙo zai zo za a yi bikin buɗe sabon shafi a gaban kowa, a wanke sunan ƙungiya gaba ɗaya.

"Ka tabbata?" in ji Alhaji Mahbub, wanda tun ranar saƙon nan tuwonsa ke zuwa ba man shanu.

"Ranka ya daɗe, in bai yi ba a canja mini suna."

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa a filin ƙofar gidan shugaba, aka jera kujerun roba, aka aro babban akwatin talabijin na gidan kallon ƙwallo da janaretonsa da lasifika. Alhaji Mudassir ya zauna a gaba cikin babbar riga, fuska ba walwala. 'Yan ƙungiya suka kawo zaɓaɓɓun ragunansu suka ɗaure a gefe. Inna Marka ta zo da nata, wani farin ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira Katafila, ta zauna a kujerar gaba riƙe da igiyarsa, don ta ce ba ta yarda da turken kowa ba.

Musbahu ya haɗa wayarsa da talabijin, ya karɓi makirufo, ya yi jawabi mai tsawo a kan yaƙin da ya yi, yadda bairos ɗin ya zo da 'ya'yansa da jikokinsa, yadda ya bi su ɗaki-ɗaki. Sannan ya buga sunan ƙungiya a wurin bincike ya danna.

Allon ya koma ja wur, da manyan baƙaƙe farare.

"Sabon fenti ne," in ji Musbahu. "Ja kalar ƙarfi ce."

Alhaji Mudassir ya ce, "Malam, kai da ka iya Turanci, me aka rubuta?"

Malam Gilbert ya gyara tabarau. "An ce shafin da ke gaba yana da haɗari, kowa ya koma da baya."

"Tsohon allo ne, sun manta ba su cire ba," in ji Musbahu, ya lalubo wani ɗan rubutu a ƙasa ya danna, ya kutsa ciki.

Sai ga ƙaton mai tumbi a hagu, ga Musbahu a dama, kowannensu ya kusa kai tsayin mutum, taurari na walƙiya kewaye da su. Nan take dariya ta ɓarke tun daga gaba har bayan rumfa. Mai gidan kallo ya faɗo daga kan benci. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

"Ina ragunan?" in ji Alhaji Mudassir.

"Suna ciki, ranka ya daɗe. Na killace su ne."

Kafin ya ƙara wata magana, lasifika ta ɗauki jiniya kamar motar kashe gobara. Wata murya ta hau ihu da Turanci, lambar waya ta fito a allo tana ƙyaftawa. Raguna suka firgita suka hau jan turaku.

"Ku kwantar da hankali!" Musbahu ya yi tsawa. "Abokan aikina ne na Turai, suna so mu gaisa." Ya kira lambar, ya kara makirufo. Wani ya amsa da Turanci mai santsi. Musbahu ya yi ta cewa yas, yas, yana gyaɗa kai. Can ya tsinci kalma ɗaya da ya gane, wato kati, ya juya wajen shugaba. "Ranka ya daɗe, kawo katin bankinka. Yana so a karanta masa lambobin, ya duba ko shi ma ya kamu."

Alhaji Mahbub har ya sa hannu a aljihu. Malam Gilbert ya yi tsalle ɗaya ya fizge wayar ya kashe kiran. "Alhaji, ɓarawo ne! Ka ba shi lambar nan, kafin ka mayar da katin aljihu ya kwashe komai."

Jiniya dai ba ta daina ba. Mutane suka miƙe, wasu na zagi, wasu na dariya, wasu na nuna wa Alhaji Mudassir ɗigon shuɗin da ke bayan wayoyinsu. Musbahu ya ga abin na neman ƙwace masa. Ya ruga bayan rumfa, ya dawo goye da tankin feshinsa.

"Ku ja baya! An zo wurin da boko ya ƙare!"

"Musbahu, kada ka..." in ji Malam Gilbert.

Ina! Ya riga ya buga famfo. Ya feshe allon tun daga kan mai tumbi har kan hoton kansa, ya feshe lasifika, ya sunkuya ya feshe inda wayoyin wuta suka haɗu. Wani abu ya yi tartsatsi, ya ce fat, janareto ya yi tari ya mutu. Jiniya ta ɗauke. Allon ya koma baƙi ƙirin yana sheƙi.

Musbahu ya juyo ya ɗaga hannu. "Ya mutu! Wa ya ce ba a kashe shi?"

Warin maganin tsutsa ya sa 'yan kujerar gaba tari. Inna Marka ta saki igiya don ta toshe hanci da mayafi. Katafila kuwa ya ɗaga kai, ya hangi wani farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho a cikin baƙin gilashin yana harararsa. Ya ja da baya. Ya ƙara ja da baya. Ya sunkuyar da kai.

A daidai lokacin Musbahu ya juya wa jama'a baya, ya duƙa a gaban allon yana goge shi da hannun farar rigarsa, don ya nuna musu gawar.

Waɗanda suka gani sun ce ƙafafunsa duka biyu sun bar ƙasa. Tankin ya yi gabas, hularsa ta yi yamma, shi kuma ya wuce ta gefen talabijin ya sauka cikin kwandon dusar da aka kawo wa raguna, kai a ƙasa. Katafila ya duba gilashin, ya ga abokin gabarsa na nan, ya fara ja da baya karo na biyu, sai da mutum huɗu suka danne shi.

Alhaji Mudassir ya yi dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu. Da ya samu numfashi ya taso ya shafa bayan Katafila, ya danna cinyarsa, ya zaga ya duba sauran ragunan ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji Mahbub," ya ce, "ragon da ya ɗaga mutum haka ba shayi yake sha ba. Zan turo mota. Amma ku ba wannan malamin shafinku, don Allah, kafin a ce da mu dillalan shayi."

Daga cikin kwando aka ji murya. "Dabara ce. Sai da na tara su wuri guda..."

"Ku fito da shi," in ji Inna Marka, "yana ɓata wa dabbobi abinci."

Malam Gilbert ya yi abin da ya faɗa tun farko. Ya rufe shafin, ya canja kalmar sirri ya ba shugaba shi kaɗai, ya sa kamfanin ya mayar da tsohon kwafi, raguna suka dawo, taurari suka tafi. Wayoyi kuwa ya bi su ɗaya-ɗaya ya cire zakin, waɗanda ya yi wa katutu sai da aka wanke su tas aka fara daga farko, ya kuma sa kowa ya canja lambar sirrin bankinsa. Bayan 'yan kwanaki gargaɗin ya ɓace daga wurin bincike. Talabijin ɗin ma da aka shanya shi a rana ya tashi, mai gidan kallo ya ce ya yafe, tunda dai jikin Musbahu ne ya tare masa ƙahon.

Ƙungiya ta zauna a kan Musbahu. Wasu suka ce a kore shi. Alhaji Mahbub ya ce a'a, mutum ne mai son aiki, a dai ba shi wanda babu allo a cikinsa. Aka sauke shi daga kakaki, aka naɗa shi mai riƙon igiya ranar lodi.

Ranar da tirela ta zo, ta tsaya a bakin titi, nesa kaɗan da gidan Inna Marka. Musbahu ya iso yana ɗingishi, aka miƙa masa igiyar Katafila. Direban motar, baƙo ne, ya dubi ragon ya ce, "Kai, wannan ba ya faɗa kuwa?"

"Wannan?" in ji Musbahu. "Ni da shi mun san juna. Ido kawai nake haɗawa da shi ya nutsu. Duk garin nan ni kaɗai yake tsoro."

"To madalla," in ji Inna Marka. "Juya ka ja shi ku tafi, rana na yi."

Musbahu ya dubi Katafila. Katafila ya dubi Musbahu, ya ɗan kankare ƙasa da kofato.

Tun daga ƙofar gidan har bakin titi da baya da baya Musbahu ya tafi, igiya a hannu, idonsa cikin na ragon, yana yi masa sannu a hankali, jama'ar Kara na biye da su suna faɗa masa inda rami yake.